Masu gudun duniya da haikalin farin dutse: wa ake bauta wa a Ranakpur?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun haɗa magunguna a Udaipur, ƙasar Indiya. Ran nan abokan karatuna suka kai ni wani wurin ibada a Ranakpur, suka ce na mabiya addinin Jain ne. Wallahi ban taɓa ganin sassaƙar dutse irin wannan ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce su ba su yarda akwai mahalicci ba, kuma malamansu ko takalmi ba sa mallaka. To in haka ne, wa suke bauta wa a ciki, kuma me ya sa suka narkar da wannan uban dukiya a gini?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka biyu ce, ɗaya goye da ɗaya: wane ne ke zaune a cikin ɗakin, sannan kuɗin wa ya gina shi. Ina ganin in ka samu amsar ta farko, ginin da kansa zai fara yi maka magana, domin fasalinsa daga aƙidar ya fito. Ni sana'ata zanen gine-gine ne, kuma na daɗe ina koyar da tarihin gini. Na shiga Ranakpur da haikalan Jain na Dilwara da ke kan dutsen Abu, na hau dutsen Palitana, wurin ziyararsu a Gujarat, da ƙafata. Sai dai duk abin da na gani daga inda ake tsayar da baƙo na gan shi, don ba a barin wanda ba mabiyi ba ya shiga ƙuryar ɗaki ya taɓa gunkin. Abin da zan faɗa game da aƙidarsu kuwa, yadda su suke bayyana ta ne. Bayani nake maka, ba wa'azi ba.

Wanda ke zaune a ƙurya

Abokanka ba su yi maka ƙarya ba. Jainawa sun ɗauka duniya ba ta da farko ba ta da ƙarshe, babu wanda ya ƙage ta. A wurinsu kowane mai rai yana da kurwa, daga mutum har kiyashi, kuma aikin da kurwa ta aikata yana manne mata kamar yadda ƙura ke manne wa jiƙaƙƙen tufa. Wannan ƙurar ita suke kira karma, ita ke nauyaya kurwa ta riƙa dawowa duniya haihuwa bayan haihuwa. Wanda ya kakkaɓe ta sarai ta hanyar azumi da kamun kai da ƙin cutar da kowane mai rai, shi ne Jina, wato wanda ya yi nasara a kan ransa. Daga nan sunan addinin ya fito.

Cikin waɗanda suka kai wannan matsayi akwai guda 24 da suke cewa sun koyar da hanya kafin su wuce. Su ake kira tirthankara, ma'ana mai gyara mashigi, wanda ya nuna wa mutane inda za su ƙetare kogi. Na farko Rishabha, wanda kuma ake kira Adinatha, shi ne na Ranakpur. Na 23 Parshva. Na ƙarshe Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha a yankin Bihar, kuma a lissafin da yawancinsu ke bi ya rasu shekara 527 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ga inda gizo ke saƙar. A aƙidarsu, Jina da ya kuɓuta ya tafi can ƙololuwar duniya ya zauna, ba ya so, ba ya ƙi, ba ya sa hannu a harkar kowa. Ba ya warkar da mara lafiya, ba ya buɗe kasuwa. Saboda haka mai ibada ba roƙonsa ya je yi ba. Ya je ne ya dubi siffar abin da yake fatan zama. Shi ya sa za ka ga gumakan kusan kamarsu ɗaya: ko a zaune an harɗe ƙafafu da hannuwa bisa cinya, ko a tsaye ƙiƙam hannuwa a sake, babu makami, babu fushi, babu wata alamar motsi. Ba don ƙaramin tambarin da ke ƙarƙashin kujerar ba, da wuya ka bambance su. Rishabha bijimin sa ne, Mahavira zaki, Neminatha ƙahon dodon koɗin teku. Parshva kuwa ana gane shi daga nesa, saboda kawunan maciji da suka yi masa laima.

Na tsaya na kalli wani dattijo a wani ƙaramin haikali a Ahmedabad da hantsi. Yana sanye da ƙyalle biyu marasa ɗinki, ya ɗaure bakinsa da hanci da wani ƙyallen. Da zai shiga sai ya ce nisihi, kalmar da ke nufin ya bar zancen duniya a waje. Ya ɗiga niƙaƙƙen itacen sandal mai ƙamshi da yatsa a gaɓoɓin gunkin, ya fito zaure ya zauna gaban wani ɗan teburi, ya zuba ɗanyar shinkafa ya zana swastika, wata alama mai lanƙwasassun hannuwa huɗu, da yatsa, ya yi ɗigo uku a samanta, ya yi jinjirin wata a can sama. Hannuwan alamar huɗu su ne halaye huɗu da kurwa ke iya faɗawa, ɗigo ukun su ne ingantaccen imani da sani da aiki, jinjirin watan kuma mazaunin waɗanda suka kuɓuta. Ya ɗora ɗan itace da alewa a kai, ya tashi ya tafi. Bai ɗauki komai ya kai gida ba. A haikalin Hindu ana mayar wa mutum wani abu daga abin da ya kawo don ya ci albarka. A nan kuwa, abin da ka ajiye gaban Jina ka rabu da shi ke nan, domin ajiyewar ita ce ibadar. Ma'aikatan haikalin ne ke kwashewa, kuma sau da yawa su ba Jainawa ba ne, albashi ake biyan su.

Kada in yi maka ƙawa da yawa. Ɗan Adam ɗan Adam ne, yana da ciwo yana da bashi. A gefen babban gunki za ka tarar da ƙananan ɗakuna na wasu alloli masu gadi, irin su Padmavati da Ambika, kuma wurinsu ake kai kukan haihuwa da na ciniki. Su a aƙidar ba su kuɓuta ba tukuna, don haka suna iya ji su amsa. Akwai kuma Jainawan da suka ce duk wannan bidi'a ce. Tun ƙarni na 15 wani mai suna Lonka Shah ya yi inkarin gumaka a Gujarat, kuma ɗariƙun Sthanakvasi da Terapanth na ɓangaren masu farin tufa har yau ba su da gunki, zaure kawai suke taruwa. Ka ga ke nan tambayar da ka yi, su ma sun yi wa kansu ita shekaru ɗari biyar da suka wuce.

Kuɗin wa?

Malaman da aka ba ka labari, maza da mata, gaskiya ne ba su da komai. Da ƙafa suke yawo, ba sa dafa abinci, ba sa taɓa kuɗi. Manyan ɓangarorin addinin biyu ne, Digambara da Shvetambara. A ɓangaren Digambara manyan malamai maza ko tufa ba sa sawa, sai tsintsiyar gashin dawisu da butar ruwa. Na ɓangaren Shvetambara kuwa farin ƙyalle suke yafawa. Amma su 'yan ƙalilan ne. Sauran jama'a masu aure ne, masu shago, masu lissafin riba.

Dokar ƙin kashe rai ta tura da yawansu, musamman a Gujarat da Rajastan, nesa da garma da fawa da jima, ta kai su kasuwar tufafi da duwatsu masu daraja da bayar da rance. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna ba su wuce miliyan huɗu da rabi ba, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar, amma a harkar kasuwanci ba a yi musu kallon tsiraru. To attajirin da addininsa ke gaya masa kullum cewa tara abin duniya nauyi ne a kan kurwa, alhali shi ba zai iya tuɓe riga ya bi malamai ba, ina zai kai dukiyar? Sai ya ciyar, ya gina asibitin dabbobi, ya sa a kwafi littattafai, ya gina haikali.

Dubi sunayen waɗanda suka gina manyan wuraren, za ka ga ba sarakuna ba ne. Vimal Shah, wanda ya gina haikalin farko na Dilwara a kan dutsen Abu wajen 1031, wazirin sarki Bhima na ɗaya ne na Gujarat. Haikali na biyu, Luna Vasahi na 1230, wasu 'yan'uwa biyu ne suka gina, Vastupala da Tejapala, su ma waziran sarki. Ranakpur da ka gani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyinsa, Dharna Shah, a zamanin Rana Kumbha sarkin Mewar, wajen 1439, kuma sunan garin daga sarautar Rana ya samo asali. Babban maginin sunansa Depa. Sarki ya ba da fili da kariya, ɗan kasuwa ya ba da kuɗi.

Ba zan ce maka duka don tsarkin zuciya aka yi ba. Akwai neman suna, har da gasa. A Dilwara akwai zauren giwaye na dutse da aka yi don tunawa da iyalan masu ginin. Har gobe a lokacin bukukuwa gwanjo ake yi a bainar jama'a a kan wa zai fara yi wa gunki wanka ko wa zai ɗaga tuta, kuma a wurare da dama da ma'aunin man shanu ake kiran farashin, daga baya a juya shi zuwa rufi. Kuɗin nan shi ke riƙe da gine-ginen.

Abin da idonka ya gani

Ka tuna gunkin tsakiya a Ranakpur? Ba ɗaya ba ne, huɗu ne sun ba juna baya, kowanne na kallon kusurwa guda, kuma ƙofofin shiga huɗu ne. Wannan ba ado ba ne. Littattafansu sun ce idan tirthankara ya kai ga cikakken sani, alloli kan gina masa dandalin wa'azi mai suna samavasarana, da'ira uku ɗaya cikin ɗaya, shi a tsakiya a sama, ana ganin fuskarsa ta kowace kusurwa. Mutane da dabbobi su taru su saurara, zaki kusa da barewa ba mai taɓa wani. Haikalin kwaikwayon wannan dandali ne. Majalisar karatu ce aka daskarar a dutse, malamin na tsakiya, kai da ka shigo ka zama ɗaya daga masu sauraro. Da ka riƙe wannan, sai ka gane dalilin da ya sa wurin yake a buɗe, iska da haske na ratsa shi, maimakon ya zama kogo mai duhu.

Yawan ginshiƙai kuwa, nan sana'ata ta shigo. Ana cewa 1,444 ne. Na gwada ƙirgawa, ban kai ɗari biyu ba na rikice na haƙura. Maginan yammacin Indiya na wancan salo ba su dogara da baka mai lanƙwasa ba. Ginshiƙi suke tsayarwa, su gitta dogon dutse a kai. Dutse kuwa jarumi ne wajen ɗaukar nauyin da ke danna shi, amma rago ne in aka bar shi ya miƙe a sarari ba abin tallafi, tsakiyarsa ke tsagewa. Don haka tazarar ginshiƙi da ginshiƙi ba ta iya yin nisa. Kana son babban zaure, dole ka shuka dajin ginshiƙai. Gwanintar Depa ita ce ya mai da wannan tilas ta zama kyau: ya bambanta tsayinsu, ya ɗaga wasu rufin hawa biyu ko uku, ya bar farfajiyoyi a buɗe, har ya zama duk inda ka tsaya haske na zuwa ta wani gefe da ba ka zata ba. Farin dutsen da tsakar rana fari ne tas, da la'asar sai ya koma ruwan zuma.

Ƙubbobin ma ba irin na masallatan Turkiyya ba ne. Ana ɗora ginshiƙai takwas, a gitta duwatsu su ba da kusurwa takwas, sannan a riƙa jera zoben dutse a kwance, kowane zobe ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, har bakin ya tsuke a rufe da dutse guda. Idan ina koya wa ɗalibai wannan, nakan tuna musu yadda maginanmu ke ɗaure bakan gizo, azara na leƙowa bisa azara daga bango biyu har su haɗu a sama, kamar a tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Dabarar 'yar'uwar juna ce, kayan aikin ne suka bambanta. Dutsen rufewar nan shi suke sassaƙawa ya zubo ƙasa kamar furen bado a kife.

A nan ne Dilwara ta yi wa kowa zarra. Wanda ke rataye a ƙubbar Luna Vasahi an rarake shi hawa-hawa har ka rantse leshi ne aka sa wa sitaci, wasu gefunan sun yi sirantar da haske ke ratsa su. Kewaye da shi ga mata 16 a tsaye kan 'yan duwatsun da suka leƙo, allolin ilimi ne a wurinsu. Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka wai ana auna garin dutsen da masassaƙi ya kankare a biya shi da nauyinsa na zinariya. Labarin baka ne, amma wanda ya ƙirƙire shi ya fahimci aikin, domin mabul mai wannan siranta ba a sare shi da guduma, gogawa ake yi a hankali. Ni a ganina Ranakpur ta fi Dilwara a matsayin gini, don a can sarari da haske ne ke aiki. A Dilwara adon yakan yi yawa har ido ya rasa inda zai huta. Amma akwai hikima ko a nan: bango da rufi cike suke da masu rawa da makaɗa da giwaye da dawaki, duk hayaniyar duniya, sai ka isa ƙurya ka tarar da mutum ɗaya zaune shiru.

Me ya sa a kan duwatsu, a bayan katanga?

Wanda ya zo Dilwara yakan yi tsammanin ya ɓata hanya, don daga waje ba ta da wani kwarjini. Ƙananan ɗakuna gommai ne suka kewaye farfajiya, kowanne da gunkinsa, bayansu ya haɗu ya zama katanga. An saba cewa tsoron mahara ne ya sa haka. Akwai ƙamshin gaskiya: rundunar Alauddin Khalji, sarkin Delhi, ta lalata Dilwara a 1311, daga baya aka gyara. Masallacin Quwwatul Islam na Delhi, wanda aka fara a shekarun 1190, rubutun ƙofarsa da kansa ya ce da kayan haikali 27 aka gina shi. Jainawa sun riƙa yin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don ɓoye gumaka, akwai su a Ranakpur. Sai dai tsarin ɗakunan kewaye ya girmi waɗannan hare-hare, kuma yana da wani amfani na kusa: kowane iyali na iya ɗaukar nauyin ɗaki guda a rubuta sunansu.

Kuma tarihin bai tsaya kan rushe-rushe ba. Sarki Akbar na daular Mughal, wanda Musulmi ne, ya gayyaci malaminsu Hiravijaya Suri zuwa fadarsa a farkon shekarun 1580, ya kuma hana yanka dabbobi a kwanakin babban azuminsu. In ka shiga masallacin Juma'a na Ahmedabad na 1424, mai ginshiƙai 260, za ka ga ƙubbobi masu zobe-zobe irin na Ranakpur, domin hannun maginan ƙasar ɗaya ne. A kan dutsen Palitana ma akwai hubbaren wani waliyyi Musulmi da ake kira Angar Pir.

Hawa dutse kuwa ibada ce a karan kanta. Wuraren da suka fi girmamawa su ne inda suka yi imani wani ya kuɓuta ko ya yi wa'azi: Shikharji a Jharkhand, inda suka ce 20 daga cikin 24 suka ƙare, Girnar na Neminatha, da Shatrunjaya a Palitana. A Shatrunjaya haikali sun haura 800 a kan tudu guda, matakala fiye da 3,500. Na fara hawa da asuba, tsofaffin mata sanye da farare suna wuce ni ba takalmi, masu hali kuma an ɗauke su a kujerar da ake ratayawa a sanda, wadda suke kira doli. Ba a cin abinci a sama, ba a kwana, kafin duhu kowa ya sauko. Da damina mahajjatansu kan dakatar da hawa wata huɗu, saboda ƙwari da tsirrai sun yawaita a hanya.

Wani abu da ke ruɗar ɗalibaina shi ne yadda gini mai shekara ɗari shida yake sheƙi kamar jiya aka gama. Jainawa ba su ɗauki tsufan gini abin ado ba. Sabunta tsohon haikali a wurinsu babban lada ne, don haka dutsen da ya lalace cire shi ake yi a sassaƙa sabo. Ranakpur ta yi zaman kufai kafin wata ƙungiyar amintattu ta Jainawa mai suna Anandji Kalyanji ta gyara ta a ƙarni na 20. Zuriyar magina da ake kira Sompura har yau suna wannan aiki, kuma salon ya bi 'yan kasuwa ƙetare, har Mombasa ta Kenya inda aka buɗe haikali a 1963.

Kudu daban take

Duk abin da na faɗa na yamma ne, yawanci na Shvetambara, masu sa wa gumaka idanun gilashi da kambi. In hutu ya kai ka Karnataka, je Shravanabelagola ka ga ɗaya fuskar. Can babu leshi. Mutum-mutumin Bahubali ne, ɗan Rishabha, tsayinsa kusan mita 17, an sassaƙa shi daga dutse guda a kan tudu wajen 981 bisa umarnin Chavundaraya, wazirin daular Ganga. Labarinsu ya ce ya kayar da wansa Bharata a faɗan sarauta, sai abin ya ishe shi, ya bar mulkin ya tsaya cik shekara guda. Masassaƙin ya nuna tsiro mai yaɗo ya nannaɗe cinyoyinsa da damatsansa, ga suri a gindin ƙafafunsa. Duk shekara 12 ake kafa dakali a bayansa a kwarara masa madara da ruwan rake da kurkum da sandal daga ka. An yi na baya a 2018.

Tunda kana Udaipur, dutsen Abu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Sai bayan sha biyun rana ake buɗe wa baƙi Dilwara, safiya ta masu ibada ce. Za a karɓe waya da kyamara a ƙofa, kuma duk abin da aka yi da fata, bel ne ko walat, a waje zai tsaya. Ni ranar da na je, da hannu ɗaya na riƙe wandona har na fito. Ka sa mai zariya, ka kuma tafi da ɗan littafi da fensir, tunda hoto ba zai yiwu ba. In ka shiga Luna Vasahi, tsaya daidai ƙarƙashin furen nan ka ƙirga zoben ƙubbar daga ƙasa zuwa sama, za ka ga inda kowane dutse ya hau kan ɗan'uwansa.